Zagaye na Shida da Ba a Buga Ba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare da ke gefen Ƙafin Maiyaki, an taɓa naɗa ni alƙalin gasar dara. Kada wani ya ɗauka gwaninta ce ta jawo mini. Duk majalisarmu ni kaɗai ne idan na zauna bugawa har 'yan kallo ke tashi su kama gabansu. Wani abokina ne ma ya kawo shawarar, ya ce, "A ba Malam alƙalanci, ko banza ma huta da ganin abin tausayi." Aka yi dariya, ni ma na taya su, amma a cikin raina sarautar ta yi mini daɗi ƙwarai.

Majalisar tamu a gindin wata tsamiya take, bayan kasuwa. Nan ake haƙa gurabe a ƙasa, mutum biyu su zauna gwiwa da gwiwa, ɗaya da guntayen kara ɗaya da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin karawarsa. Amma duk wanda ya san dara ya san rabinta ne kawai a hannu, sauran rabin a baki yake. Ana cin ɗanka ana gaya maka magana, kuma dole ka haɗiye. A wannan fanni babu wanda ya kama ƙafar abokin nan nawa. Ɗan acaɓa ne, tare muka taso. Idan ya ɗauke maka ɗa sai ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ce, "Allah ya jiƙan wannan, bai yi dacen uba ba." Idan ya gama da kai kuma ya ce ka tafi gida a dama maka kunu.

A lokacin da abin nan ya faru, abokina yana cikin wani hali. Yana neman auren wata ma'aikaciyar jinya da ke ɗakin shan magani na garin. Faɗuwa ya yi a babur ta wanke masa ciwo, ciwon ya warke amma shi bai daina zuwa a duba masa ba. Ita ma tana son sa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Iyayenta suna cikin mutanen da ruwan Tiga ya ci garinsu tun da daɗewa, aka mayar da su tudu, suka koma kamun kifi da noman rani. Kawunnan abokina sun je da goro da alawa, ƙanin mahaifinta ya karɓe su da mutunci, ya ce ya ji, amma sai ya ji ta bakin yayansa. Daga nan shiru. Makonni suka yi ta wucewa ba a ce e ba, ba a ce a'a ba, abokina har wuyansa ya fara tsawo. Ni dai labarin uban nake ji, ban taɓa sa shi a ido ba.

To da kaka ta yi, wani mai shago ɗan majalisarmu ya sa buhun takin zamani ya ce a yi gasa, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Yadda muka saba, wanda ya ci shi ke zama, wani ya zo ya gwada sa'arsa. Wannan kuwa na nufin abokina ya zauna tun azahar har magariba, wasu ko tsakuwa ba za su taɓa ba. Ni da aka ba alƙalanci sai na ce ba za a yi irin ta da ba. Ina da wani kawu da ya yi aikin kai abinci a otal ɗin bakin tafkin Bagauda, zamanin da wurin ke tashe. Ya sha ba ni labarin wasu baƙi da ke wasan karta a can, tebur-tebur, da mutum ɗaya a tsaye riƙe da ƙararrawa. Idan ya kaɗa, kowa ya tashi ya koma tebur na gaba, har sai kowa ya haɗu da kowa, sannan a ga wanda ya fi. Tun ina yaro ba kartar ce ta burge ni a labarin ba, mai ƙararrawar ne.

Sai na zauna na tsara nawa. Filin dara biyar a jere, 'yan wasa goma a layi biyu suna fuskantar juna. Mutum ɗaya zai zauna daram a farkon layi ba ya motsi. Sauran kuwa idan na busa usur kowa ya matsa wuri ɗaya, wanda ya kai ƙarshen layinsa ya tsallaka ɗaya layin ya fara gangarowa. Zagaye tara an gama, kowa ya ga kowa. Wanda ya ci a zagaye in ba shi dabino ɗaya ya sa a aljihu, a ƙarshe a ƙirga. Na aro usur wajen malamin wasannin makarantarmu, na yi ta gwada busa shi a gida har mahaifiyata ta tambaye ni ko aikin ɗan sanda na samu.

Gasar ta faɗo ranar kasuwa. Da aka idar da azahar na ƙirga masu shiga, har da abokina da ya tafi kai fasinja Badafi, sai na ga tara. Tara kuwa ba ta rabuwa biyu, ko a aji haka nake koya wa yara. Wani ya ce ni in shiga in cike, sauran suka ce a'a da ƙarfin da bai kamata ba. Ina cikin waige-waige sai na hango wani dattijo zaune kan tarin buhunan da ya gama sayar da albasarsu, farin gemu, hannuwa irin na wanda ya daɗe yana tuƙa kwalekwale. Ya zuba wa guraben da muke haƙawa ido. Na je na durƙusa na gaishe shi.

Na ce, "Baba, ko kuna taɓa dara?"

Ya ce, "Mun taɓa, da can. Gurabenmu suna nan ƙarƙashin ruwa, yanzu tarwaɗa ke bugawa."

Mai kai da a nan ya farga. Ni kuwa abin da na gani kawai shi ne mutum na goma. Na roƙe shi ya taimaka mana, sai ya ce gwiwoyinsa ba sa son tashi da zama. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, shi zai zama mai zama daram, kowa ya zo ya same shi. Na shimfiɗa masa buzu a farkon layi.

Daga nan na tsaya na yi wa jama'a bayanin tsari, ina kaɗa usur a yatsa. Na rufe da cewa, "Zagaye tara ne, ba ƙari ba ragi. Kowa sai ya zauna gaban kowa, ko da uban mutum ne." Akwai wani mahauci a cikin 'yan wasan, mutum mai son ganin rigima muddin ba tasa ba ce. Ya dubi dattijon, ya dube ni, ya ce, "Malam, ɗan maimaita na ƙarshen nan, na baya ba su ji ba." Na maimaita da ƙarfi, har ina jin daɗin an kula da hikimata.

Ba a jima ba muka ji hon ɗin abokina tun daga nesa. Ya shigo da gudu yana ihu, "Ina gawarwakin? A jera mini su!" Bai rufe baki ba idonsa ya faɗa kan dattijon. Wallahi sai da babur ya kusa kayar da shi karo na biyu. Ya kashe inji, ya tuɓe takalma tun daga bakin hanya, ya durƙusa can nesa, ya ce, "Barka da rana, Baba. An zo lafiya?" da wata 'yar siririyar murya da ban taɓa sanin yana da ita ba. Dattijon ya ce, "Lafiya lau," bai ɗaga kai daga kan gurabe ba. Abokina ya rarrafa ya je can ƙarshen layin da dattijon yake, inda ko da gangan ba za su haɗa ido ba, ya zauna. Ni kuma a raina na ce, ashe yaron nan yana da ladabi.

Na busa usur aka fara. Dattijon nan bai ce wa kowa uffan ba, amma kafin in gama zagaya filayen ya share na gabansa. Abokina ma ya ci nasa, sai dai shiru, kamar an yi masa rasuwa. Na raba dabino, na busa na ce a matsa. Abokina ya ce, "Ni ina za ni? Ai nan ne ƙarshe." Na nuna masa ɗaya layin na ce ya tsallaka. Ya tsallaka. Da aka gama na biyu na sake busawa, ya matsa wuri ɗaya zuwa wajen dattijon. A nan na ga ya ɗaga kai yana ƙirga wuraren da suka rage da ido, leɓensa na motsi. Sai ya juyo ya yi mini wani irin kallo da har yau in na tuna sai na ji shi a ƙeyata.

Bayan zagaye na uku aka kira la'asar. Ina tsugune ina alwala sai ga shi ya zo ya tsuguna kusa da ni da butarsa.

Ya ce, "Malam, me na yi maka a duniya?"

Na ce, "Kamar yaya?"

"Duk tsofaffin da ke kasuwar nan, ka rasa wanda za ka ɗauko sai babanta?"

Butar ta kusa kuɓuce mini. Na ce wallahi ban sani ba. Ya ce rashin sanina ba zai aurar da shi ba. Ya ce ya ƙirga, a zagaye na shida zai faɗa gabansa. Na ce to ya janye mana, in ce ciki ne ya murɗa masa. Ya ce, "In gudu a gabansa? Ya ce wanda ke neman 'yarsa ragon maza ne?" Na ce to ya zauna ya bari a ci shi. Ya ce, "Ka ga yadda yake bugu kuwa? Tun ɗa na biyu zai gane da gangan nake yi, ya ce na raina shi. In kuma na ci shi a gaban kasuwa, da wane ido zan shiga gidansa?"

Ya yi ta wanke ƙafa ɗaya har sau nawa ban sani ba. Sannan ya faɗi abin da ya fi damunsa. Ya ce, "Duk wannan ma da sauƙi. Kai ka taɓa ganin inda mutum ya haɗa gwiwa da surukinsa ana dara? In na zauna gabansa, ya miƙa hannu ya jera 'ya'yansa kamar yadda ya yi wa kowa, to ya ba ni amsa ke nan. Bai ɗauke ni suruki ba. A gaban mutane zan ji ta." Tausayinsa ya kama ni sosai, don ban taɓa ganin sa haka ba. Ya ce, "Kai ka ɗaure kurar nan, kai za ka kwance ta. Ka rage zagayen."

Duk sallar nan, Allah ya yafe mini, lissafi nake yi. Da muka dawo gindin tsamiya na tarar jama'a sun ninka. Ashe labari ya zaga kasuwa. 'Yan acaɓa sun jera babura sun hau kai, mai shayi ya matso da teburinsa, har masu tallan fura da nono sun sauke ƙwarya daga nesa suna leƙe. Kowa ya san abin da ake jira, ni kaɗai ne na sani a makare.

Na gyara murya na ce, "Jama'a, an ɗan samu canji. Za mu tsaya a zagaye biyar."

Mahauci ya ce, "Saboda me?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Saboda hadari."

Gaba ɗaya wurin aka ɗaga kai sama. An fi wata guda da ɗauke ruwa, an girbe dawa an kai rumbu, sama tas ko ɗigon gajimare babu. Mahauci ya sa hannu a goshi yana dubawa gabas da yamma, ya ce, "Malam, hadarin a aljihunka yake?" Na ce to ko ba hadari, magariba za ta cim mana. Mutum uku suka zaro waya a lokaci ɗaya suka nuna mini agogo.

Sai mahauci ya miƙe ya kawo hujjar da ta fi ƙarfina. Ya ce yanzu zai zauna gaban Baba, bayan nan ya faɗa hannun abokina. Ya ce, "Ka haɗa ni da zakuna biyu, sannan ka rufe kafin in kai ga kaji? Wancan da ya fara da kaji ya tara dabino fa? Wannan ne adalcin alƙali?" Gaskiya ce tsantsa, duk da na san ba adalcin ne ya dame shi ba. Ya ƙara da cewa, "Kuma wa ya ce ba ƙari ba ragi, ko da uban mutum ne? Har sau biyu?" Jama'a suka ɗauka baki ɗaya, "Malam ne!" Baki shi ke yanka wuya. Wani Bafulatani da ke cikin 'yan wasan ne kaɗai ya girgiza kai, ya ce a rugarsu da tuni an watse, wannan abu babu semteende a cikinsa, wato kunya. Ba wanda ya saurare shi. Dattijon kuwa yana zaune yana juya tsakuwa a tafin hannu kamar ba da shi ake ba.

Dole na busa aka shiga na huɗu. Sai wata dabara ta zo mini: tunda an hana ni rage zagaye, bari in tsawaita su har rana ta faɗi da kanta. Kowa ya gama wasansa, ni ina tsaye ina duban reshen tsamiya. Aka ce Malam a busa. Na lalube aljihun dama, na lalube na hagu, na ce usur ya ɓata. Alhali yana rataye a wuyana, na tura shi cikin riga. Mahauci, wanda Baba ya gama yi wa wankin babban bargo, ya sa yatsu biyu a baki ya yi wani fito da ya fi usur ɗin ƙara, mutane suka tashi suka matsa da kansu. Tsarin da na kwana ina alfahari da shi ya koyi tafiya ba ni.

Yanzu abokina ya zo fili na biyu, tsakaninsa da dattijon bai fi a miƙa hannu ba. Na sunkuya kamar ina gyara gurbi na raɗa masa cewa na samo mafita, bayan wannan zan ce kowa ya matsa wuri biyu, ya tsallake Baba. Ya raɗa, "In faɗa ina?" Na ƙirga, sai na ga zai faɗa gefen dattijon, kafaɗa da kafaɗa, kusan a kan buzu ɗaya. Na gaya masa. Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, Malam."

Zagaye na biyar shi da mahauci ne, kuma ban taɓa ganin dara irin wannan ba. Mahauci ya samu ranarsa. Yana ta cewa, "Ina bakin yau? A Badafi ka baro shi? Ɗan yi mana addu'ar nan taka ta marayu mana!" Abokina kansa a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya karkace jiki don kada ya ba dattijon fuska kuma kada ya ba shi baya. A haka ya yi ta kwashe 'ya'yan mahauci ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ɗauka sai ya ce a hankali, "Ka yi haƙuri." Jama'a har da masu kwanciya don dariya. Ni ban yi ba.

Aka gama. Baba ya ci nasa, abokina ya ci nasa, kowannensu dabino biyar. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan awaki daga kasuwar dabbobi. Na zaro usur daga cikin riga, tunda ɓoyon ya daina amfani, na kai baki. Abokina ya rufe ido.

Sai na ji an ce, "Malam."

Dattijon ne. Tun da aka fara wannan ne karo na farko da ya yi magana ba a tambaye shi ba. Na ce, "Na'am, Baba."

"Ɗazu da ka hango hadari, zagaye nawa ka ce?"

Na ce, "Biyar, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi saman nan da ke tas, ya daɗe yana dubawa, irin duban masunci. Sannan ya ce, "Ni ma na gan shi. Ga shi can yana tasowa. A tashi haka."

Ba wanda ya yi ƙarfin halin dariya. Mahauci ne kawai bai haƙura ba. Ya matso ya rage murya ya ce, "Allah ya ba Baba haƙuri, ai saura mutum ɗaya. Shi ma biyar gare shi kamar ku. Ga shi nan kusa, ko tashi ba sai kun yi ba."

Dattijon bai dubi inda aka nuna masa ba. Sai ma ya jawo gefen babbar rigarsa ya kare fuskarsa ta wannan ɓangaren, ya juya wa mahauci, ya ce, "Yaro, ku a gidanku ana dara da suruki?"

Sai wata mai fura daga can baya ta rangaɗa guɗa, wurin ya kece. 'Yan acaɓa suka danna hon gaba ɗaya, Bafulatanin nan yana ta cewa madalla, mahauci da kansa ya riƙe kai yana dariya. Na waiwaya in dubi abokina, wayam. Ya bar babur da makulli a jiki, ya bar takalma a bakin hanya, dabinonsa a watse cikin gurabe. A bayan masallaci na same shi zaune a kan dutse, yana dariya hawaye na zuba. Ya ce, "Ka ji abin da ya ce? Ka ji da kunnenka?" Na ce duk kasuwa ta ji. Ni ma idona ya kawo ruwa, ba na ɓoyewa.

Na koma na yanke hukunci a matsayina na alƙali: an tashi gasa a zagaye na biyar saboda hadari. Wajen ƙirga ma ba a sha wahala ba, don mutum biyu sun cinye dabinonsu tun wajen kallon rigima. Tunda abokin kunnen dokinsa ya gudu, Baba ya ɗauki taki. Wani ɗan acaɓa daban ya kai shi gida, shi da buhunsa. Mahauci ya bi ni har bakin hanya yana tambayar yaushe za a ba shi kajinsa. Sati bai zagayo ba ƙanin uban ya aiko a turo magabata, bayan Sallah aka ɗaura aure. Har yanzu a majalisar nan idan ana lissafin shekaru sai ka ji an ce, "Ai tun shekarar hadari."

Na ci gaba da alƙalanci shekaru da dama bayan nan, kuma tsarin kawuna ya zauna. Amma na daina cewa ba ƙari ba ragi. Na gane lissafi ya san goma ya san tara, bai san wanda ke tuɓe wa wani takalmi ba. Yanzu kafin in zaunar da mutane sai na bi su ɗaya-ɗaya ina tambaya, wa ke neman 'yar wa, wa ke auren ƙanwar wa, har ana tsokanata wai na koma mai dalilin aure. Kuma idan na ga zagaye ɗaya zai zubar wa wani mutunci, ina yanke shi ba tare da na nemi hadari ba. Mai ƙorafi ya yi ƙorafinsa, gobe ma rana ce.

Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma tunda Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa da rahama, ina ganin ba zai riƙe ni ba. Shi da abokina ba su taɓa bugawa ba har ya bar duniya, kuma abokina kullum cewa yake bai taɓa ganin mutum mai kunya da dattako irin surukinsa ba. Haka ne, ban musa ba. Amma ranar sunan ɗansu na fari, ina zaune a zaure, Baba ya yafito ni da hannu. Na je na durƙusa. Ya duba hagu da dama, ya ce, "Malam, kana tune da ranar nan?" Na ce ai ba ta mantuwa, Baba, kunyarku ce ta cece mu.

Ya ce, "Kunya kam akwai ta. Amma zagaye biyar ina kallon hannun yaron nan ta wutsiyar ido. Tun da aka haife ni ba a taɓa cinye ni a dara ba, ko a tsohon gari ko a sabo. Ranar nan da a ce na zauna gabansa, da ya kwashe ni tas a gaban kasuwa."

Ya gyara zama, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Ya ce, "Yarinya dama tana son sa, ko ba jima ko ba daɗe sai na ba shi. To in ba shi 'ya, in kuma ba shi dara?"